Rawar Dandali a Ƙasar Matazu da 'Yar'uwarta ta Ƙauyukan Ingila

Watakila wani daga cikin 'yan'uwa, da ganin kan wannan darasi, zai yi murmushi ya ce, "Ashe rawa ma ta zama abin karatu?" To, a yi mana haƙuri a ji. Mu da muke shirin zama malaman makaranta, yawancinmu ƙauyuka za a tura mu, malamin kuwa da bai san abin da ke faranta ran mutanen garin da ya ke ba, baƙo ne a cikinsu ko da ya shekara goma. Saboda haka muka ga ya kamata mu duba wata al'ada ta samarin ƙasarmu, watau gasar rawa a dandali, yadda aka san ta a ƙasar Matazu da maƙwabtanta, Musawa da Malumfashi da Bakori har Funtua. Sa'an nan mu ƙetare teku mu dubo wata irinta a ƙauyukan Ingila, wadda ta kai bakin kabari ta komo. Abin da ya komo da ita shi muke so mu gane, gama tamu ma yau jinya take yi.

1. Dandali da lokacinsa

Ƙasar Matazu ƙasar noma ce. Dawa da gero da masara su ne abinci, auduga da gyaɗa da wake su ne kuɗi. Tun daga faɗuwar ruwan shuka har a kai amfani rumbu, saurayi ba shi da sauran ƙarfin da zai kai dandali, in ya dawo daga gona sai tuwo sai barci. Amma in kaka ta yi, aka yanke dawa, aka tsince auduga aka kai ma'auni, sai ka ga gari ya sake. Aljihu ya yi nauyi, aiki ya yi sauƙi, dare ya yi sanyi. A nan ne makaɗa ke ɗaure kalangansu.

Dandali fili ne kawai, galibi a ƙofar gidan mai gari ko a gefen kasuwa. Ba shi da rufi, ba shi da ƙofa, ba a biyan ko anini kafin a shiga, fitilarsa kuwa farin wata. 'Yanmata su kan kafa da'irarsu ta gaɗa, suna tafi suna waƙa, ɗaya ta shiga tsakiya ta taka, ta saki jiki ta faɗo da baya, ƙawayenta su cafe ta su cilla ta sama. Samari kuma suna nasu gefen, da makaɗan kalangu. Masu talla suna kewaye, da goro da alewa da dafaffiyar gyaɗa.

Babban taron shekara shi ne kalankuwa, bikin da samari ke yi bayan an gama kaka. Sarkin Samari ya aika wa samarin ƙauyukan kewaye da goron gayyata, su zo da 'yan kokawarsu da 'yan dambensu da gwanayen rawarsu, a sauke su, a ciyar da su, a yi kwanaki ana wasa. A zamanin Turawa har samari su kan naɗa wa junansu muƙamai irin na masu mulki, wannan Gwamna, wancan Alƙali, wancan Likita, kowa da aikinsa na tsare taro. Wanda ya ta da husuma a kai shi gaban alƙalin wasa a ci shi tarar goro. Ku lura da wannan, gama ya nuna wasan yana da doka da shugabanni, ba taron yuyuyu ba ne.

2. Yadda ƙafa ke amsa ganga

Kalangu ganga ce mai siririn ciki da baki biyu, igiyoyin fata sun haɗa bakunan nan. Makaɗi ya rataya ta a hammata. In ya matse igiyoyin, fata ta ɗaure, murya ta hau. In ya saki, murya ta sauka. Harshen Hausa kuwa da hawa da sauka a ke faɗinsa, don haka kalangu ke iya bin karin magana, har wanda ya saba ya ji abin da ta ke cewa. Tare da ita a kan sami ƙananan ganguna, kamar ɗan karɓi da kuntuku, waɗanda ke riƙe da amo guda ba su sauyawa, ita kuwa uwar tana yawo a kansu.

Saurayin da ya isa a san shi yana da takensa. Da makaɗi ya hango shi sai ya saki taken nan, ko da bayansa ya juya sai ya waiwayo. Ya shigo fili, ya tsaya gaban makaɗi, daga nan aka fara.

Ga wani abu da ya kamata mu riƙe, domin zai yi mana amfani in mun je Ingila. Ƙasar dandali turɓaya ce, turɓaya kuwa ba ta da murya. Ko yaya mutum ya doka ƙafa, ƙura kaɗai za ta tashi. Shi ya sa masu rawa suka nemi abin da zai ba ƙafa baki, suka ɗaura akayau a idon sawu, wani na ƙarfe aikin maƙera, wani kuma saƙar kaba ce da 'yan ƙwayoyi a ciki. Da akayau, kowane taku ana jinsa, wanda ya yi kuskure kuwa ƙafarsa ce za ta tona shi. Rawar Koroso, wadda 'yan wasan Kano suka yi suna da ita, daga irin wannan abin ɗaurawa ta sami sunanta. Akwai kuma takkai, inda samari ke zagayawa suna haɗa sanduna bisa kiɗa, da 'yan hoto, manoman nan masu ƙarfi da ke cilla garma sama su cafe a gaban gangar noma. Kowace da irin ƙwarewarta, amma doka ɗaya ce ta haɗa su: kada ka riga kiɗa, kada kiɗa ya riga ka.

3. Yadda a ke sanin gwani

A dandali ba wanda ke zaune da takarda da fensir yana ba da maki, amma kowa ya san wanda ya ci. In muka tsaya muka auna, abu 3 a ke dubawa.

Na fari, bin kiɗa. Makaɗi ba bawan mai rawa ba ne, abokin karawarsa ne. Yana kallon ƙafarsa, in ya ga ta zauna sai ya juya kiɗa ba shiri, ko ya ƙara sauri, ko ya yanke tsam. Gwani shi ne wanda ƙafarsa za ta dira tare da bugun ƙarshe. Wanda ya ƙara taku ɗaya bayan ganga ta yi shiru, dariya za a yi masa har a kan hanyar gida. Hausawa da suka ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, a nan suka gani.

Na biyu, juriya. Samari biyu su kan shiga tare, na gida da baƙo, a yi ta yi har numfashin ɗaya ya ƙare ya ja da baya.

Na uku, salo. Taku da kowa ya iya ba ya sa a yi guɗa. Sai mutum ya zo da wani abu nasa, wata karkata ko wata dira da ba a saba gani ba, kuma ta zauna daidai cikin kiɗa.

Hukunci kuwa na jama'a ne. Mata su rangaɗa guɗa, abokai su shigo su liƙa kuɗi a goshi, budurwa ta aiko da goro ko ta ba da ɗankwali a share gumi. Shi kuma gwanin ya juya ya yi wa makaɗi kyauta, gama ya san rabin nasarar tasa ce. Ladan da ya fi duka shi ne suna, a yi shekara ana cewa samarin gari kaza sun fi na gari kaza.

Kada wani ya ce wannan fili bai haifar da kome ba. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa, maƙwabciyar Matazu, a 1923, a irin wannan dandali ya fara buɗe baki, yana tallan goro da alewa yana waƙoƙin asauwara, mahaifinsa kuwa ba ya so. Daga nan ya koma Bakori, ya zauna Funtua, da kalangun nan dai na dandali ya zagaye ƙasashe. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999. Dandali shi ne makarantar da ya yi.

4. Mu leƙa Ingila

To, yanzu mu bar ƙurar Matazu mu tafi ƙasar da ruwa da sanyi ba su barin mutum ya yi hira a fili. A ƙauyen Ingila, wurin da manoma da masunta ke taruwa da dare shi ne mashayar gari. Gidan sayar da giya ne, ba mu ɓoye wannan ba, ba kuwa shi muke yabo ba. Amma ga mutanen ƙauyen can shi ne zaure, shi ne dandali: akwai wuta a murhu, akwai benci, a nan a ke jin labari, a yi waƙa, a yi ciniki.

Daɓen irin wannan ɗaki na dutse ne, ko na jan bulo, ko na katako. Ma'aikatan gona kuwa a da takalma masu nauyi su ke sawa, da ƙusoshi a tafinsu don kada su cinye. Ku haɗa waɗannan biyu, ƙusa da dutse, ku ga abin da zai fito. Mu turɓaya ta sa muka ɗaura akayau, su kuwa daɓen da kansa ya zama ganga, takalmi ya zama makaɗi. Daga nan rawarsu ta fito, wadda za mu kira rawar dunduniya.

Siffarta ita ce, mutum ɗaya ke yi. Ya tsaya wuri guda, jiki a miƙe, hannuwa a sake, daga gwiwa zuwa ƙasa kaɗai ke aiki. Yana bugun daɓe da dunduniya da kan yatsu, yana sharɓe, yana ƙirƙiro amo a cikin kiɗan da a ke yi masa. Abin kiɗan, galibi wani ɗan akwati ne mai zugazugi kamar na maƙera, ana ja ana matsawa yana kuka, ko gogen Turawa, ko ɗan abin busa na baki. In babu ko ɗaya, wani ya yi kiɗan da bakinsa. Wannan ya yi 'yan daƙiƙu ya koma benci, wani ya miƙe. Ba makarantar da a ke koyar da ita, yaro ya ga ubansa ko kawunsa ya kwaikwaya, kamar dai yadda namu ke yi.

Inda ta fi daɗewa shi ne gabashin ƙasar, a lardunan Suffolk da Norfolk, da kuma tuddan Dartmoor a lardin Devon, can kudu maso yamma. Masuntan garin Cromer na bakin teku sun yi suna da ita, haka kuma Romani, mutanen nan masu yawo da keken doki daga gari zuwa gari, waɗanda suka riƙe ta a lokacin da zaunannu suka fara sakinta.

5. Gasarsu da dokokinta

A gabas, gasar ba ta da bambanci da tamu sosai. Mutum biyu su yi ta karɓa-karɓa, 'yan ɗaki su yanke hukunci da tafi da sowa, ladan kuwa ba ya wuce abin sha ko 'yan kuɗi kaɗan.

A Dartmoor kuwa abin ya fi tsari. Ranar bikin ƙauye a kan jawo keken gona, irin wanda doki ke ja, a tsai da shi a fili don kowa ya gani. A ɗora wani allon katako a kai, tsawonsa inci 15, faɗinsa inci 15, watau kaɗan ya ɗara faifai. A bisa wannan ɗan allo mai rawa zai yi duk abin da zai yi. Da farko ya riƙa taku mai sauƙi yana auna kiɗa, sa'an nan ya saki gwanintarsa, kuma a kan ba shi zagaye 3 don a ga ko yana da salo fiye da ɗaya. Ƙanƙantar allon ita ce jarrabawar: mai tsalle-tsalle da fankama ba shi da wuri a nan, sai mai tsabtar ƙafa.

A arewa maso yamma kuma, a lardin Lankasha, akwai wata 'yar'uwarta da ta tashi a garuruwan masaƙu. Ma'aikatan masaƙun auduga takalma masu tafin itace su ke sawa, da ƙarfe a gefe, suka mai da su abin kiɗa. Wannan ta bar mashaya ta hau dakalin gidajen wasa, har aka riƙa gasa da ɗamarar azurfa. Dan Leno, wanda ya rayu daga 1860 zuwa 1904, ya ci irin wannan gasa a birnin Leeds a 1880, aka kira shi zakaran duniya, daga baya ya zama mashahurin ɗan wasan ban dariya a Landan. An ruwaito cewa a wasu gasannin alƙalai a ƙarƙashin dakali su ke zama, ba su ganin mai rawa, kunne kaɗai ke hukunci, don kada kyan fuska ko sanayya su ruɗe su. Wannan dabara ta cancanci a yi tunani a kanta.

Lankasha ba baƙuwarmu ba ce. Ƙungiyar noman auduga ta Biritaniya, wadda aka kafa a Mancesta a 1902, ita ce ta kafa injinan gurzar auduga a Funtua da Malumfashi, kuma hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi ta Funtua ta kai Ƙauran Namoda a 1929. Audugar da kakanninmu suka tsinta, suka sami kuɗin liƙi a dandali, masaƙun can aka nufa da ita. Ashe zare ɗaya ya ɗaure masu rawan nan biyu, ba wanda ya san da ɗan'uwansa.

6. Yadda ta kusa mutuwa, da yadda ta tashi

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945, rawar dunduniya ta yi ta ja da baya. Ba wanda ya kafa dokar kashe ta, ƙananan abubuwa ne suka taru. Injin noma ya rage ma'aikatan gona, samari suka tafi birane. Takalmin roba ya kori mai ƙusa. Masu mashaya suka shimfiɗa darduma a kan daɓe, darduma kuwa ba ta amsawa. Aka kawo akwatin kiɗa mai cin kuɗi da talabijin, mai zugazugi ya rasa mai sauraro. Mashayun ƙauye da yawa ma suka rufe. Har masanan da suka tashi tattara raye-rayen gargajiya, irin su Cecil Sharp, wanda ya kafa ƙungiyarsa a 1911, hankalinsu ya fi tafiya ga raye-rayen taro masu tsari, wannan ta talakawan mashaya ba su kula da ita sosai ba.

Abu 3 suka cece ta. Na fari, an ɗauki hotonta tun masu ita suna da rai. A 1955 wani mai tattara waƙoƙi, Peter Kennedy, ya ɗauki majigi a mashayar da a ke kira The Ship a ƙauyen Blaxhall na Suffolk, mutanen gari suna waƙa suna taka rawa. Waɗanda aka ɗauka sun shuɗe, amma ƙafafunsu suna nan ana kallo ana koyo.

Na biyu, an sami mutumin gida da ya tsaya. Bob Cann, wanda aka haifa a 1916 ya rasu a 1990, mutumin Dartmoor ne, ma'aikacin gona, a cikin danginsa ya gaji kiɗa da rawa. Da ya ga abin zai ɓace, sai ya shiga koya wa yara, kuma a 1978 ya kafa bikin shekara-shekara na gargajiyar Dartmoor, wanda ya zauna a ƙauyen South Zeal cikin watan Agusta. Ya komo da keken gona da allon nan mai inci 15.

Na uku, an ba yara nasu fili. A bikin nan an ware gasar manya dabam, ta yara dabam, don yaro ya sami abin da zai yi buri tun yana ƙarami. A gabas ma wata ƙungiyar kiɗan gargajiya da aka kafa a 2000 ta riƙa shirya ranar rawa sau ɗaya a shekara a mashayar ƙauyen Worlingworth, tsofaffi da jikokinsu suna hawa allo ɗaya.

Amma fa kada mu ɗauka maganin ba shi da ɗaci. In aka rubuta wa wasa doka, aka sa alƙalai da kofi, yara su kan koyi abin da ke cin kofi kaɗai, salon kowa ya zama iri ɗaya. Kuma abin da a da a ke yi kowane mako don nishaɗi ya koma na rana ɗaya a shekara. Duk da haka, da babu gara ba daɗi.

7. Halin da tamu ke ciki

In muka komo gida, sai mu ga ciwon iri ɗaya ne, sunayensa ne dabam. Samari sun tafi ci-rani Kano da Kaduna da Legas, wasu ba su komowa sai da salla. Gidan kallo da wayar hannu sun ɗauke hirar dare. A gidan biki, na'urar kiɗa mai lasifika ta karɓe wurin makaɗi, wannan kuwa ita ce dardumarmu. Na'ura ba ta kallon ƙafar kowa, ba ta san taken kowa ba, ba ta juya kiɗa don ta gwada ka. Mun ce gasar dandali tsakanin ƙafa da ganga ta ke, to in ganga ba ta da ido, da wa za a kara? 'Ya'yan makaɗa kuma, da suka ga sana'ar ba ta ci da su, da yawa sun kama wata.

Akwai kuma abin da mutanen Ingila ba su gamu da shi ba. A shekarun da suka biyo bayan 2015 ɓarayin daji sun addabi ƙauyukan kudanci da yammacin Katsina, har a watan Disamba na 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar Ƙanƙara, kafin a sako su. Inda mutane suka kwana da kunne ɗaya a buɗe, ba a kiran baƙi da goro su zo wasan dare.

Sa'an nan akwai maganar malamai, wadda ba za mu tsallake ba. Tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, malamai ke tsawatarwa a kan cuɗanyar maza da mata a wurin kiɗa, kuma iyaye da yawa a kan wannan suka hana 'ya'yansu dandali. Duk wanda ya san dandali ya san ba kome ne a cikinsa abin yabo ba. Amma gaɗar 'yanmata tsakaninsu su ke yi, takkai da rawar noma na maza ne, kuma ba dole sai da dare ba. Ana iya sheƙe ƙaiƙayi a bar tsaba.

Gaskiya ne ana kai raye-rayenmu manyan bukukuwa, kamar na baƙar fata na duniya da aka yi a Legas da Kaduna a 1977, kuma jihohi suna da 'yan wasansu masu albashi. Wannan abu ne mai kyau, amma zaɓaɓɓu ne kaɗan ke yi, sauran jama'a suna kallo. Rawar dandali kuwa ta kowa ce.

8. Abin da ya rataya a wuyanmu

Wani abin kunya shi ne, yawancin abin da aka rubuta a kan wasannin nan baƙi ne suka rubuta. Labarin Baba ta Karo, inda tsohuwar ta ba da labarin kiɗa da rawar ƙuruciyarta, wata Baturiya ce, Mary Smith, ta rubuta shi daga bakinta a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, aka buga a 1954. Littafin da ya tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da ma'anarsu, David Ames da Anthony King suka fitar a 1971. Mun gode musu, amma mu da abin ya ke namu, me muka ajiye? Ba a fafe gora ranar tafiya, tsofaffin da suka taka asauwara da ƙafarsu kuwa kullum raguwa su ke yi.

Ga shawararmu. Kowane ɗayanmu, in ya tafi hutu, ya nemi tsohon makaɗi ɗaya da tsohuwa ɗaya a garinsu. Ya je da ladabi da ɗan goronsa, ya durƙusa ya ce, "Baba, mun zo neman sani ne," ko "Iya, a koya mana abin da kuka yi da ƙuruciya." Ya rubuta sunan kowace rawa, da gangar da a ke yi mata, da lokacinta, da yadda a ke gane gwani. In sun yarda, ya ɗauki hoton ƙafa da muryar ganga da wayarsa, gama rubutu ba ya iya riƙe taku. Ya kuma tuna makaɗi da sana'arsa ya ke ci, kada ya tashi hannu sake.

In kuma an ba mu makarantu, mu tuna da abu ukun nan na mutanen Dartmoor: wuri sananne, rana sananniya, da filin yara. Filin makaranta dandali ne, da rana tsaka, a gaban iyaye. Rana ɗaya bayan kaka ta isa, da izinin mai gari da shawarar liman, maza dabam mata dabam. A kira makaɗi mai rai, kada a kunna na'ura. Alƙalai su zama tsofaffin gari da suka san abin, mu malamai mu riƙe rajista kawai. A ware kyauta guda ga wanda ya zo da salon kansa, don kada mu faɗa ramin da muka ambata. Kuɗin da za a kashe bai kai na ƙwallo da rigunan 'yan wasa ba.

Mutumin Dartmoor bai jira Landan ta aiko masa da takarda ba, keken gona da ɗan allo ya nema, ya kira yaran ƙauyensu. Mu ma kalangu yana nan, akayau yana nan, masu sani ba su ƙare ba tukuna.

Tambayoyi don bita

1. Me ya sa a ke gasar rawa da kaka, ba da damina ba?
2. Bayyana yadda kalangu ke bin karin magana.
3. Me ya sa mai rawa a ƙasarmu ke ɗaura akayau, na Ingila kuwa ba ya bukata?
4. Wane amfani ke cikin zaman alƙalai inda ba su ganin mai rawa? Zai yiwu a yi haka a dandali? Kawo dalili.
5. Kawo sunayen raye-raye 3 na garinku, ka faɗi wadda har yanzu a ke yi da wadda aka bari, da abin da tsofaffi suka ce ya sa aka bar ta.

Wanda ya sami amsar ta biyar ya kawo mana bayan hutu, mu haɗa su wuri guda a fito da su a waɗannan shafuka. Wassalam.